Kwamfutar Abla Kariman Ba Ta Ɗaukar 'Yan Rakiya

Na san da yawa za su taɓe baki idan na ce kwamfutata ba ta yi kuskure ko ɗaya ba a ranar bikin karrama Abla Ni'imat. Na kuma san waɗanda za su fi kowa taɓewa, domin na ga kujerun da suka zauna a kai. Duk da haka zan faɗa: na'urar nan ta aikata abin da aka umarce ta, ba ragi ba ƙari, kuma a zamanin nan ba kowane ɗa ne za a yi wa wannan shaida ba. Tun da labarin ya fita daga zauren ƙungiyarmu ya hau taragon da ke zaga garinmu, yana sauka a kowace tasha da sabuwar riga, ya zama wajibi a kaina in rubuta shi yadda ya faru.

Sunana Kariman Abdusshafi, ana ce mini Abla Kariman, domin Abla shi ne laƙabin malama a wurinmu. Na koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata a nan Iskandariyya har na yi ritaya, kuma a makarantar ni ce malama ta farko da ta taɓa kwamfuta ba tare da ta fara neman tsari ba. A lokacin da abin ya faru ni ce shugabar Ƙungiyar Malamai Mata Masu Ritaya ta unguwar Ibrahimiyya. An shirya cewa da an kammala bikin cikar tsohuwar shugabar makarantarmu, Abla Ni'imat, shekara casa'in, a zauren nan za a ɗaga hannu a zaɓi shugaba. Kujerar kuwa akwai mai hangenta, wato sakatariyarmu Abla Bahiga, wadda ta koyar da ɗinki da girki, kuma ban faɗi haka don raini ba.

Ita ce ta tattara saƙonnin tsofaffin ɗalibai daga ko'ina a duniya aka haɗa su fim guda. A taron shiri ta ce a ɗauko mai majigin da ke yi wa masu aure aiki.

Na ce, "Mai sa hoton amarya yana juyi a cikin fure? A bikin Abla Ni'imat?"

"To ai yana nunawa, Abla Kariman. A gani, a ji, a ci kek ɗin basbusa, kowa ya kama gabansa."

"Majigin zaure ya ishe mu, kuma kwamfutata ce za ta tura masa fim. Ba irin taku ba ce. Ku kuna karɓar manhaja kamar kosharin bakin titi, shinkafa da taliya an riga an cakuɗa muku, da abin da kuke so da wanda ba ku so. Ni ɗanyen rubutun manhajar nake saukowa da shi, na'urar ta gina shi a gabana, ni ke cewa a sa wannan, a bar wancan. Babu ƙwayar da ke cikinta ba da izinina ba."

Abla Bahiga ta kurɓi shayinta ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Mu dai a bar mana soyayyar albasa a kai."

Gaskiya ne a lokacin da na yi wannan magana ban gina ta ba tukuna. Amma wanda ya sayi fili ya ce gidana, ban ga ya yi ƙarya ba.

Ga wanda bai san wannan aiki ba, kowace manhaja tana zuwa da zaɓi: a gina ta da sauti ko ba da shi ba, da hoto, da bugu a takarda, da sauransu. Duk abin da ka ce kana so yana jawo wasu ƙananan manhajojin da ba ya tsayuwa sai da su. Ni 'yan rakiya nake kiransu. Akwai wani layi da ake rubuta zaɓin a kai, abin da ake so a rubuta sunansa, wanda ba a so a sa masa alamar ɗebewa. Masu ilmin abin sun riga sun cika wasu zaɓin da suke ganin kowa na bukata. Ni kuwa na gano cewa idan aka rubuta alamar ɗebewa aka bi ta da alamar tauraro, an kori kowa da kowa ke nan a lokaci guda, sai wanda ka kira da sunansa ya dawo. Ban taɓa ganin tsari mai kama da tarbiyya irin wannan ba. Na rubuta.

Na'urar ta fito da gargaɗi da jan rubutu. Ban karanta ba. Jan rubutu nawa ne, shekara da shekaru ni nake yi wa mutane shi a gefen takarda, ba a yi mini.

Aka fara gini a tsakiyar zafin Agusta. Fankar cikinta ta ɗauki kuka kamar jirgi zai tashi, ta ƙi sauka. Na janye fankar tsaye daga gaban maigidana, Ustaz Wagdi, na juya ta ga kwamfutar. Shi tsohon ma'aikacin kwastam ne a tashar jiragen ruwa, mutum mai haƙuri in ban da bakinsa. Ya zauna da singileti yana fifita da jarida, ya kira ni da sunan ɗanmu kamar yadda ya saba.

"Ummu Hazim, tun da muka yi aure ba ki taɓa tambayata ko na ji zafi ba. Wannan baƙuwar jiya ta zo, har an ba ta fankata."

"Ita aiki take yi, Abu Hazim."

"Ni ma ina yi. Narkewa nake."

Da hantsi maƙwabciyarmu Sitt Faukiyya ta buga ƙofa, hannunta duk gari.

"Lafiya dai, Abla? Tun jiya injin wankinku bai huta ba. Ko kayan asibiti kuka karɓa?"

Na shigar da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara da ladabi, ta ɗora tafinta a kan akwatin na'urar, sai na ga fuskarta ta washe. Ta fita ta dawo da kwanon ƙullu rufe da tawul.

"Ɗumin nan bai kamata ya tafi a banza ba, Abla."

Na hana. Amma na shiga wanka, na fito na tarar da kwanon a kai, Ustaz Wagdi yana gadinsa. Dole in yi adalci: burodin ya tashi sosai.

Da ginin ya ƙare na tara su biyun don su shaida. Na danna maɓalli. Kafin ƙiftawar ido ta tashi. Baƙin allo, da ɗan farin ɗigo yana ƙyafta ido a kusurwa.

"Ta tashi," na ce.

Sitt Faukiyya ta leƙa bayan allon. "Ina take?"

"Ita ce wannan. Babu ƙwayar banza a cikinta."

Ustaz Wagdi ya ce, "Babu ta kirki ma, kamar yadda nake gani. A nan za a kalli fim ɗin? Ko za a ce wa Abla Ni'imat ta rufe ido ta ƙiyasta?"

Na yarda cewa fim yana bukatar hoto. Na kira hoto da sunansa. Sai na'urar ta jero mini 'yan rakiyarsa, suna gangarowa har ƙasan allo suka ci gaba. Na gayyaci mutum ɗaya, ya zo da ƙauyensu.

"A tasha mun san wannan," in ji Ustaz Wagdi. "Mutum ya rantse akwati ɗaya ya kawo. Ka buɗe ka ga firiji, a cikin firijin talabijin, a cikin talabijin surukarsa."

Na zauna na yi tankaɗe da rairaya kamar mai rage sunayen 'yan biki. Wanda na kora, sai wani ya ce in babu shi ba zai zauna ba. Wanda na bari, sai ya ce da ƙaninsa yake tafe. A nan ne na ci karo da sauti yana neman shigowa da nasa ayarin. Ni kuwa na tsani na'ura mai yi wa mutum ƙara in ya taɓa ta, kamar yaron da ba a kwaɓa. Na bar shi a waje. Ina roƙon mai karatu ya lura cewa a lokacin kan hoto nake aiki, kuma ba a koyar da darasi biyu a aji ɗaya.

Bayan an sake kukan fanka da wani kwanon ƙullu, hoto ya bayyana. Na zauna na rubuta taken da za a fara haskawa a bango, gaisuwa ga Abla Ni'imat da Larabci mai kyau. Abin da ya fito ya sa na cire tabarau na goge. Haruffan sun taso daga hagu, kowane a tsaye shi kaɗai, ya juya wa ɗan'uwansa baya kamar 'yan gida ɗaya bayan rabon gado.

Sitt Faukiyya ta karkata kai dama, ta karkata hagu. "Abla, har rubutun Fir'auna kika iya?"

Ashe tafiya daga dama zuwa hagu da haɗa harafi da harafi, su ma zaɓi ne, kuma suna cikin waɗanda tauraro ya kora. Wato harshen da muke salla da shi, a wurin na'urar nan ɗan rakiya ne. Na ji zafin wannan ƙwarai, na kira su nan take. Sai aka ce mai haɗa haruffa ba zai ginu ba sai mai zana haruffa yana nan, mai zana haruffa kuma ya ce shi ba zai shigo ba sai mai haɗawa ya riga shi.

"Ke da Abla Bahiga ke nan a bakin ƙofar zaure," in ji Ustaz Wagdi. "Bismillah Abla. A'a wallahi, ke ce babba. Mu kuma na baya ƙafa ta kumbura."

Maganin shi ne a gina ɗayan ba tare da an gaya masa akwai ɗayan ba, in ya shigo a kawo na biyu, sannan a koma a rushe na farkon a sake gina shi da sanin gaskiya. Ban ji daɗin wannan hanya ba, domin tana da kama da yadda ake sulhunta dangi. Amma ta yi aiki. Haruffa suka kama hannun juna suka taso daga dama, na tsaya a gaban allon ina jin abin da uwa ke ji ranar da ɗanta ya sauke.

Ana saura kwana kaɗan Abla Bahiga ta kira ni a waya.

"Abla Kariman, in aiko miki da fim ɗin ki gwada?"

"Gwaji na mai shakka ne. Ki zo da shi zaure."

"To. Ba a dai fafe gora ranar tafiya."

"Tawa gorar a fafe take, har da marfi."

Da safiyar bikin na yi abin da kowace mace mai mutunci ke yi in za a ga ɗakinta: na yi shara. Akwai umarnin da ke kwashe duk abin da babu mai dogaro da shi a yanzu. Ya kwashe kayan aikin da aka yi ginin da su, kamar yadda magini ke kwashe tsani da kwanon siminti in an gama gida, ni kuma na bi da hannu na share ɗanyun rubutun da aka sauko da su. Ta koma fes. Ustaz Wagdi ya rungume ta har cikin tasi, Sitt Faukiyya ta biyo mu da tiren basbusa duk da ba 'yar ƙungiya ba ce, wai tana da haƙƙi a kan na'urar.

Zaure ya cika. A sahun gaba Abla Ni'imat tana zaune da sandarta da tabarau mai kaurin gindin kofi. Idonta ya yi rauni, kunnenta ya yi nauyi, amma har yau in ta gyara murya mata masu jikoki sukan gyara zama. Na haɗa waya da majigi. Taken ya hau bango, kowane harafi a mazauninsa. Aka tafa. Na miƙe na yi ɗan jawabi a kan bambancin mai ci da mai sanin abin da yake ci, kuma idan idona ya sauka a kan Abla Bahiga, to a nan kujerarta take.

Na saka fim. Wata tsohuwar ɗaliba ta bayyana, yanzu likita ce a ƙasar waje, hannunta a ƙirji, hawaye a ido, bakinta yana motsi. Yana motsi kawai.

Abin da ya biyo baya ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma yana cikin gaskiyar lamarin. Babu wadda ta ce uffan. Zaure ne na mata waɗanda mafi ƙanƙantarsu ta haye sittin, kuma kowace ta ɗauka kunnenta ne ya ci amanarta a bainar jama'a. Na ga hannaye suna shiga ƙarƙashin mayafi suna murɗa abin ji. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Wata a sahu na uku ta ce, "Allahu Akbar, ta yi gaskiya," ta share hawaye. Ita kanta Abla Bahiga ta ƙura wa bango ido tana murmushi, tana ɗan matsa kunnenta da yatsa. Ɗaliba ta biyu ta fito ta wuce. Na fara lissafin cewa in Allah ya so za mu kai ƙarshe a haka, kowa da sirrinta.

Abla Ni'imat ta buga sanda. "Wace ce wannan mai tauna? Na hana cingam a makarantata."

Ko wannan ma da ya wuce. Amma akwai mace ɗaya a zauren da ba ta da sunan da take karewa. Daga baya, kusa da tire, Sitt Faukiyya ta ɗaga murya.

"Jama'a, babu magana fa! Ni kunnena garau, ina jin fankar kwamfutar tun daga nan!"

Hannaye suka fito daga mayafai a lokaci ɗaya. Wadda ta ce ta yi gaskiya ta fi kowa hayaniya.

Na miƙe da natsuwa na ce, "Ƙaramin zaɓi ne ba a kunna ba. Ku ba ni ɗan lokaci."

Na kira sauti da sunansa. Sauti ya zo da ayarinsa, ayarin ya nemi tsani da kwanon siminti, waɗanda na share da safe. Aka jona kwamfutar da intanet ɗin wayar Ustaz Wagdi don a sake sauko da su. Ban cire wayar majigi ba, saboda haka duk zaure ya ga bango ya yi baƙi, fararen layuka suna gudu sama ba iyaka. Fanka ta ɗauki kukanta.

"Ko a yanka basbusa kafin a gama aza harsashi?" in ji Abla Bahiga.

Abla Ni'imat ta matso da fuskarta, ta ɗaga tabarau.

"Kariman, 'yata. Waɗannan sunaye duk ɗalibaina ne?"

Ni ban saba ƙarya ba. Amma tsohuwa ce mai shekara casa'in, leɓenta yana rawa, ga mata ɗari suna kallona, ga zaɓe. Na ce, "Suna da yawa, Abla."

"Karanta mini."

Na juya ga bango, na shiga jero sunayen ɗaliban da nake tunawa, da murya irin ta kiran suna da safe. Tana gyaɗa kai tana cewa Allah ya yi albarka. Wallahi lokacin ya yi kyau, har wasu sun fara kuka na gaskiya. Sai bakina ya kai kan Safinaz Hilmi.

Sanda ta daki ƙasa. "Safinaz? Ni na zauna kusa da mahaifiyarta a zaman makokinta. Daga ina ta aiko?"

Ba a ba ni lokacin neman amsa ba, domin a daidai nan layukan suka tsaya cak, jan rubutu ya cika bango, kowane harafi ya kai girman kan mutum. Ustaz Wagdi ya duba wayarsa ya sanar da zaure, ba tare da an tambaye shi ba, cewa kuɗin cikinta ya ƙare.

An kalli fim ɗin a wayar Abla Bahiga, an jingina ta da butar shayi a gaban Abla Ni'imat. Lasifikar zaure kuwa dole wani ya riƙe mata abin magana a bakin wayar. Ni na riƙe, a durƙushe, tun daga likita har zuwa ɗaliba ta ƙarshe, wadda ta ga dama ta rera waƙa. Da aka zo ɗaga hannu, nawa ya ƙage bai ɗagu ba. Sitt Faukiyya ta ɗaga mini duka biyu, aka ce ba a ƙirga su. Abla Bahiga ta hau kujera, kuma abu na farko da ta yi shi ne gode mini a gaban kowa bisa hidimar riƙe abin magana.

Ana watsewa Abla Ni'imat ta sa aka kira ni. Ta kama hannuna da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba.

"An ce akwatin nan bai yi magana ba."

"Haka ne, Abla."

"Kin ce masa ya yi?"

"Ban ce ba, Abla."

"To wanda ba a ce ya yi magana ba ya yi shiru, ai shi ne mai tarbiyya. Na ba shi goma bisa goma. Ke kuma..."

Ta faɗi makin da ta ba ni. Bai shafi batun da nake rubutu a kai ba.

Saboda haka duk mai shakkar abin da na faɗa game da na'urata, ga Abla Ni'imat nan da ranta, a bene na biyu, gidan da ke kallon tashar tarago. A je da hantsi, a zauna ta wajen kunnenta na hagu, a tambaye ta makin kwamfutar. Za ta faɗa. In ta buɗe baki za ta ci gaba, a yi mata sallama a taso, domin bai dace a gajiyar da tsohuwa ba.